Jeren Iya Kyauta a Gidan Kofur

Wanda ya san Iya Kyauta a da, in ya gan ta yanzu sai ya ɗauka jinya ta yi. Ba jinya ba ce. Matar da muryarta ke riga ta shiga gidan biki, yau lungu take bi in za ta kasuwar Gumel, mayafi har kan hanci, tana gaisawa da mutane idonta a ƙasa. An ma daina aiko mata goron jere, don ko an aiko ba ta zuwa. Kunya ce ke cin ta, kuma kunyar ta samo asali ne daga wani bango a gidajen sojoji da ke kan hanyar Maigatari, bangon da ita da hannunta ta ɓoye wa waɗanda aka aiko su gan shi.

A Ɗanzomo aka haife ta, bayan uwarta ta daɗe tana jiran haihuwa, shi ya sa aka laƙaba mata Kyauta har sunan yanka ya ɓace. Goggonta ce ta riƙe ta, wata mace mai tsabta da faɗan tsiya, wadda duk auren da za a yi a garin ita ake kira ta shirya wa amarya ɗaki kafin a kai ta. A gindinta Kyauta ta koyi jere tun ana jera ƙwarya da tasa, aka shiga zamanin langa da samira, har aka kai ga gado mai madubi da sif mai ƙofa uku. Kayan suka yi ta canzawa, karatun goggo bai canza ba: ɗakin amarya ba a barin sa ya tona asirin iyayenta. In kwanuka sun yi kaɗan, a tura tsofaffin baya, a fito da masu ƙyalli gaba. In bango ya yi tabo, nan gado zai tsaya. In kuwa babu gaba ɗaya, a aro a maƙwabta, bayan 'yan ganin ɗaki sun watse a mayar wa masu shi a ɓoye.

Aure ya kawo ta Gumel, gidan Dogo mai awon hatsi. Mutumin kirki ne, sai dai bai yi tsawon rai ba, ya tafi ya bar ta da 'ya'ya mata da ɗaki mai yoyo. Da jere ta ciyar da su, da jere ta aurar da su. A hankali ta tara kayan aronta na kanta: labulaye masu nauyi, kafet ja, fararen yaduka, kaskon turare, da wani ƙaton sif na katako wanda ya kwana a ɗakunan amare fiye da yadda ita kanta za ta iya tunawa. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar ana zuwa ɗaukar ta, wani lokaci har a tsallaka da ita iyaka. Abin da ya sa mata ke son ta ba gwanintar kaɗai ba ce, riƙon sirri ne. Za ka ga dangin miji sun cika ɗaki suna taɓa labule suna yaba iyayen amarya, ita tana gefe tana taya su yabo, alhali labulen nata ne. Ba a taɓa ji a bakinta ba. Abin da take yawan faɗa kawai shi ne, ba a taɓa yi wa amarya dariya a ɗakin da ta sa wa hannu ba, kuma gaskiyarta ce.

To, a tsakiyar wata bazara sai ga motar Alhaji Ubale a ƙofar gidanta. Ɗan kwangila ne, shi ya gina gidajen da aka yi wa sojoji masu iyali a ƙaramin sansaninsu na hanyar Maigatari. Ya san hannunta, don ita ta yi wa 'yarsa jere.

"Iya, baƙi za mu yi daga Abuja, manya," in ji shi bayan sun gaisa. "Kwamiti ne, za su duba gidajen da muka yi. Kin san matan yanzu ba su iya gyaran ɗaki ba. Ɗaki biyu ko uku za ki taɓa mana, kar a ji kunya."

Da ya ce mata wani abu daban, wataƙila da ta yi tambaya. Amma ya ce kar a ji kunya, wannan kuwa aikinta ke nan tun tana yarinya. Washegari da safe aka loda kayanta a a-kori-kura, ta hau gaba ta zauna tana gyara ɗaurin kallabi.

Daga waje gidajen sun sha sabon fenti, har warinsa na hawa kai. A filin gabansu ta ga sojoji suna tura wata motar sintiri da hannu, suna gumi, har suka sa ta a layi tsakanin biyu masu tashi, wani ya bi tayoyinta da ruwa da tsumma. Iya Kyauta ta yi dariya ta ce, "Ashe ku ma kuna jere." Ba wanda ya taya ta dariyar.

Ɗakin farko, wanda ya fi kusa da ƙofar sansanin, na wani Kofur Abdulbaqi ne. Ba ya nan, an tura shi daji yaƙi da 'yan bindiga tun gidan yana sabo. Matarsa Tayyiba ce a ciki, 'yar Gagarawa, siririya, goye da jariri, babbar 'yarta Nana Firdausi tana riƙe da gefen zaninta. Ta tari Iya da fara'a, ta kawo mata ruwa, don a zatonta shara da goge-goge aka kawo ta taya su. Tun ba a zauna ba ta janye wata tabarma da ke jingine a bangon gabas.

Tsaga ce tun daga silin har ƙasa, rana na leƙowa ta cikinta. Tayyiba ta sa yatsu biyu ta mintsini bulon, ya marmashe mata a hannu kamar busasshen tuwo.

"Daminar bara ce ta yi wannan, Iya," ta ce. "In iska ta taso har motsi yake. Baban Nana ya ce in jira kwamitin nan. In sun gani sun gyara, shi ke nan. In ba su gyara ba, ya yarda in kwashe yaran in tafi gida Gagarawa kafin ruwa ya sauka. Yau ɗin nan nake ta jira."

Iya Kyauta tana jin ta, amma idonta ya riga ya auna tsagar, ya auna faɗin sif ɗinta, ya ga za su yi daidai. Ta leƙa waje ta ce wa masu dako su fara da shi.

Sai da aka shigo da sif ɗin ana jan sa wajen bangon sannan Tayyiba ta gane. Ta durƙusa har ƙasa da goyonta.

"Don Allah Iya, ki gyara ko'ina, ki bar mini wannan bangon kawai. Nan yarana suke kwana."

"Ke yarinya, wa ya rene ki?" in ji Iya Kyauta. "Baƙo ya taso daga nesa, ki tare shi da tsagar bango? Mijinki fa za a yi wa dariya, a ce gidan Kofur kamar kango. Tashi, 'yata, ni na san abin da ya dace."

"Ai ba gidansa ba ne, Iya, na gwamnati ne. Ba mu muka gina ba, ba mu za mu ji kunya ba."

Maganar ta shiga kunnen Iya, ba ta isa ciki ba. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa shiga ɗakin da kunyarsa ba ta mai kwana a cikinsa ba ce. A ranta ma cewa ta yi, 'yan matan yanzu ba su da kara. Kafin Tayyiba ta ƙara wata magana, wani soja mai igiya ya zo ya ce duk mata su koma bayan gidaje, ƙarƙashin darbejiya, kada a ga ƙeyar kowa sai baƙi sun tafi.

Wallahi ranar Iya Kyauta ta yi aiki. Sif ya rufe tsagar daga ƙasa, labule mai nauyi ya rufe sauran har sama. Silin da ya yi ciki saboda yoyo ta lulluɓe shi da farin yadi, ta tattare shi gwanin sha'awa. Kafet ya haɗiye siminti mai ramuka. Ta ɗauko hoton Kofur cikin kakinsa ta rataye a jikin labulen, daidai saman sif. Warin danshi ne ya ƙi tafiya, ta hura garwashi ta zuba turaren wuta, ta bi lungu-lungu da kasko. Ba ta gama ba ta ji motoci, kafin ta samu hanyar fita sun cika ɗakin.

Mutane ne da aka ɗauko tun daga Abuja, aka ba su mota da masauki, don kawai su zo su duba bango, amma ko ɗaya a cikinsu bai taɓa bango ba. Wani ya taɓa labule, wani ya duba agogo, don an ce abinci na jira a Gumel. Wata Hajiya mai tabarau ta shaƙi turaren ta lumshe ido, sannan ta hango tsohuwa a raɓe riƙe da kasko. Ta ɗauka 'yar gidan ce.

"Sannu Mama. Ya gidan? Akwai wata matsala?"

Wani saurayi ya matso da kyamara har gaban fuskarta. To, me Bahaushiya za ta ce in baƙo ya tambaye ta ya gida? Ko gawa ce kwance a ɗaki, lafiya lau za ta fara cewa.

"Lafiya lau," in ji Iya Kyauta. "Sai godiya. Allah ya saka wa gwamnati da alheri."

Suka ce amin, suka fita. Kafin la'asar an sake loda kayan a mota. Tayyiba tana tsaye a bakin ƙofa aka ɗaga sif ɗin, rana ta sake leƙowa ta tsagar. Iya ba ta kalle ta ba.

Bidiyon ya zaga wayoyi, rediyo ma ta sa muryar, tare da bayanin cewa kwamiti ya gamsu da gidajen, ba su cikin waɗanda ke buƙatar gyara. Matan unguwa suka sa mata suna Iya ta gwamnati. Gaskiya ɗaya ce, da farko daɗi ta ji, har tana sa jikokinta su sake kunna mata.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa lokacin da Tayyiba ta yi sallama a gidanta. Ta rame. Ta zauna a bakin tabarma ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Kofur ya ga bidiyon a wayar wani abokinsa, ya gane ɗakinsa da hotonsa, ya ga labule da kafet, ya ce ai an gyara har da kaya. Ta ce masa na aro ne, an kwashe, ya ce gida kawai take son tafiya. Kuma in ta bar ɗakin ba kowa, ba wa wani za a yi, ya dawo ya rasa inda zai sa iyalinsa. Hoto kuwa an gargaɗe su, duk matar da ta ɗauki hoton sansani ta aika, mijinta ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

"Ni ba zan sa ƙafa in fita ba sai da izininsa, Iya. Ke ya gani, da ke zai yarda. Ranar Juma'a sukan fito gari ya samu sabis. Ki gaya masa da bakinki, shi ke nan abin da na zo roƙo."

A nan ne abin ya faɗo wa Iya Kyauta a ka. Ta ga ashe ba asirin Kofur ta rufa ba, ba na matarsa ba, na Alhaji Ubale ta rufa da na waɗanda suka sa hannu aka biya shi, kuma da 'ya'yan mutane ta rufa shi. Ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce, "To 'yata, ki dawo Juma'a."

Ranar Juma'a ta shirya tun da safe ta tafi suna Sule Tankarkar, sunan da ko ba ta je ba ba mai cigiyarta. A mota tana ta faɗa wa kanta cewa zumunci ne. Juma'ar da ta biyo baya tana gida, ta ji sallamar Tayyiba, ta shige ƙurya ta yi lamo, maƙwabciya ta ce ba ta nan. Tana jin Nana Firdausi tana cewa ƙishirwa take ji, tana jin an ba ta ruwa, tana jin sun fita. Ba mugunta ba ce, kuma ba tsoron Alhaji ba ne, ko da yake shi ma yana ciki. Abin da ya gagare ta shi ne ta buɗe baki, da furfurarta, ta gaya wa namiji baƙo cewa ƙarya ta yi a gaban duniya, kuma kayan da ya gani na aro ne. Ita da ba ta taɓa cewa wani abu na aro ba ne tun da take. Kullum sai ta ce Juma'a mai zuwa, har Tayyiba ta daina zuwa, ita kuma ta ji wani sauƙi da ta san bai kamata ta ji ba.

Ruwan farko ya sauka, bango bai faɗi ba. Na biyu ma haka. Iya ta fara cewa a ranta ko yarinyar ce mai zuzuta abu. Sai wata ranar kasuwar Maigatari, bayan azahar, aka yi ruwa da iska wanda ya kwashe rumfuna. Da aka ɗauke, wani mai adaidaita sahu ɗan unguwarsu ya tsaya a ƙofar gida yana ba da labari cewa bango ya faɗi a gidajen sojoji, shi ya kai wata yarinya asibiti. Ashe ɗakin Kofur ne. Tayyiba ta fita kwashe shanya da goyo a bayanta, Nana Firdausi kuwa tana barcin rana a ciki. Uwar ta daɗe da mayar da shimfiɗarsu ɗaya gefen, amma ɗakin nawa yake? Bulo ya same ta daga gwiwa zuwa ƙasa.

Iya Kyauta ba ta san lokacin da ta ɗauki mayafi ba. A asibiti ta tarar da yarinyar a kwance, an yi mata allura ta yi shiru, ƙafar a naɗe. Likita ya ce Kano za a wuce da ita, kuma bai yi alkawarin za a dawo da ƙafar ba. Tayyiba tana zaune a ƙasa, laka har gwiwar hannunta, waya a kunne. An samu wani ya kai wa Kofur labari, ya hau tudu ya kira. Da ta ga Iya ba ta tashi ba, ba ta kuma zage ta ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Miƙa mata wayar kawai ta yi.

Iya ta karɓa da hannu biyu. Ta yi sallama.

"Na gane muryar," in ji Kofur Abdulbaqi. Ana jin iska na kaɗawa a inda yake. "Ke ce ta cikin bidiyon, Iya."

"Ni ce, ɗana."

"Da ɗan kwangilar ne ya faɗa, ko 'yan kwamiti, wallahi ba zan yarda ba. Mun san su. Mu ne ake turowa nan da motar da sai an tura ta. Amma na ga dattijuwa a ɗakina tana yi wa gwamnati addu'a. Na ce wa Tayyiba, wannan sa'ar uwata ce, ba za ta yi ƙarya ba." Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Da kika sa sif ɗin nan, kin ga tsagar ko ba ki gani ba?"

Mutanen da ke gadajen kusa duk suna kallon ta. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ƙofa a buɗe take, da ta ce ba ta lura ba, ba mai ƙaryata ta sai Tayyiba, Tayyiba kuwa ko kallon ta ba ta yi.

"Na gani, ɗana," ta ce. "Da ita na auna sif ɗin."

Ta ɗauka sabis ne ya ɗauke. Can ta ji ya ja numfashi.

"To, Iya. Ba zan iya yi wa Tayyiba magana yanzu ba. Ki ce mata na yarda, ta tafi Gagarawa."

Wayar ta katse. Iya Kyauta ta durƙusa a gaban Tayyiba ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta, daidai lokacin da aka turo gadon da za a ɗauki yarinyar zuwa motar Kano.